Kubra da Jinin da Aka Kai Yamai

Wanda ya shiga layin tattasai a kasuwar Diffa ya ga Kubra zaune a bakin tabarmarta zai ɗauka nan aka yanke mata cibiya. A ƙetaren Komadugu aka haife ta, ɓangaren Najeriya, a wani ƙauye da ke kusa da Damasak. Shekarar da bindiga ta tashi mutanen wajen, ta haye kogin da 'yarta Munira a goye, mijinta Umara yana gaba da ƙullin kaya a ka. Sun zauna a sansani, daga baya suka sami ɗan fili a gefen gari suka kafa ɗaki da rumfa.

Umara ya koma abin da ya iya. Wani mai gona a wajen Geskeru ya ba shi fili a bakin kogi yana noman tattasai suna rabawa, sai ya daɗe can kafin ya leƙo gida. Kubra kuwa ta kama tsintar busasshen tattasai, tana ware ja daga wanda ya koɗe, ta cire hanci, ta daka, ta auna a kwano. Ba ta da yawan magana. Hausarta har yau da nauyin Barebari a ciki, kuma har yau asibiti take cewa inda maƙwabta ke cewa gidan likita. Bayan Munira haihuwa ba ta ƙara zuwa mata ba.

Munira tana da shekara goma sha biyu lokacin da ta fara baƙi. Da can wankan tarwaɗa ce kamar uwarta. Kowa ya ce rana ce, yarinyar da ke tafiya lakwal, wato makarantar boko, da ƙafa ba dole ta yi baƙi ba. Amma Kubra ita ke yi mata kitso, ita ke ganin abin da wasu ba sa gani. Layukan tafin hannun yarinyar sun yi duhu kamar an bi su da tozali. Gwiwar hannu da tsohon tabon da ke ƙaurinta sun fi ko'ina baƙi. Ran nan Munira ta yi dariya, Kubra ta hango dasashinta, inda rana ba ta taɓa kaiwa, shi ma ya yi dabbare-dabbare.

Ga kuma gishiri. Kubra ta kama ta a bayan rumfa tana lasar manda kamar akuya.

"Ke lafiyarki kuwa?"

"Inna, raina ne ke so. In ban lasa ba jiri nake ji."

Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Da safe sai amai. Wata rana ana jere a filin lakwal za a ɗaga tuta, ta yanke jiki ta faɗi. Aka kai ta ƙaramin gidan likita na unguwa, aka sami zazzaɓin sauro a jininta, aka ba da magani. Zazzaɓin ya tafi, ramar da aman suka zauna.

Ya Fanna, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ita ce ta faɗi abin da matan unguwa ke raɗa. Ta shigo ta zauna a kan turmi, ta rage murya.

"Kubra, yarinya tana amai da safe, tana kwaɗayin abin da ba abinci ba. Kin bincika ta kuwa?"

Kubra ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta ce, "Ya Fanna, yarinyar nan ko wanki ba ta fara ba."

"To, Allah ya ba da lafiya. Ni dai na faɗa miki don kada ki ji a bakin wasu."

Maganar nan ce ta kai Kubra wurin mai teburin magani a bakin tasha. Ta ce tana son abin da zai sa yarinya ta ci abinci ta yi kumari. Ya ƙulla mata wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda, irin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Abin mamaki, kafin mako ya zagayo Munira ta miƙe. Aman ya tsaya, ta cinye tuwo ta nemi ƙari, ta koma wasan gaɗa da ƙawayenta. Kubra ta yi ta godiya ga Allah, duk lokacin da ledar ta ƙare ta koma ta sayo wata.

Da Umara ya zo gida bayan an daɗe, ya tarar da fuskar 'yarsa ta yi kumburin da ba na lafiya ba, kumatu sun cika, ƙafafu kuwa sirara. Ya tambaya, aka nuna masa ledar. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ƙwayar tasha za ki ɗura wa 'yata?"

"Malam, ita ce ta tashe ta."

"Dubi fuskarta ki ce mini ta tashi."

Ya ɗauki ledar ya jefa a masai. Ita ma Kubra fuskar tana ba ta tsoro.

Lokacin ɗibar tattasai ne, lakwal kuma tana hutu, sai suka tafi gona su uku. Tun a hanya Munira ta koma gidan jiya, har ta fi da. Ba ta iya tsayuwa a kunya, sai dai ta zauna a inuwa tana kallon mata suna shanya jan tattasai a kan yashi. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kama ta. Washegari da hantsi ta yi amai har ba abin da ke fitowa, ta ce cikinta kamar ana murɗa shi, daga nan ta daina amsa kira. Jikinta ya yi sanyi, gumi yana karyo mata.

A shekarun nan ba a hawan babur a yankin, doka ta hana. Umara ya ari amalanken shanu, suka shimfiɗa ta a kan buhunan wofi, Kubra ta ɗora kan yarinyar a cinya. Shanun suna tafiya cikin yashi kamar ba su san abin da ake ciki ba. A bakin babbar hanya suka tsayar da motar da ta ɗauko kifi za ta Diffa, direban ya dubi yarinyar ya ce su hau. A shingen sojoji aka sauke kowa. Wani soja ya leƙo ya ga Kubra ba ta sauka ba, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke cinyarta. Ya ɗaga wa direban hannu ya ce su wuce. Duk tsawon hanyar Kubra tafinta yana kan ƙirjin Munira, tana jin bugun yana zuwa da sauri, ba ƙarfi, wani lokaci ya ɓace mata sai ta danna ta nemo shi.

Rana ta karkata lokacin da suka isa babban gidan likita. Wanda ya karɓe su lokotoro Ishaya ne, likita mutumin yamma, daga wajen Dogon Dutsi, dogo mai furfura a gemu. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa. Aka soki yatsarta, sukarin jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya buɗe tafin hannunta ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga leɓenta.

"Baiwar Allah, tun yaushe ta yi wannan baƙin?"

"Tun kafin damina."

"Tana cin gishiri?"

Kubra ta ɗago kai da sauri. "Manda take lasa."

"Akwai abin da kuka ba ta? Ƙwaya, ko man shafawa na ƙara haske? Ku faɗa mini, ba faɗa zan yi ba."

Kubra ta faɗa masa yadda aka yi, har zuwa ranar da aka zubar da ledar.

"Baƙin ne ya riga, ko ƙwayar?"

"Baƙin ne. Shi ya sa na sayo."

Lokotoro ya juya ya ƙwala wa wata kira. Susana, mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, ta shigo da 'yan kwalabenta. Shi kuma ya fasa wata ƙaramar kwalba ya zuƙe ruwan a sirinji ya riƙe a hannu, bai yi allurar ba.

"Ɗebi jinin tukuna," ya ce mata. "In na yi wannan kafin ki ɗiba, awon ya lalace."

Susana ta ɗaure dantsen, ta bubbuga, ta soka. Babu jini. Jijiyoyin sun lafe. Ta koma ɗaya hannun, ta soka, nan ma shiru. Umara da ke tsaye a bakin ƙofa ya kasa daurewa.

"Yarinyar da ba ta da jini za ku ƙara zuƙe wa? Ga magani a hannunka, ka yi mata mana!"

"Malam Umara, ka ba ni wannan ɗan lokacin," in ji lokotoro, idonsa bai bar fuskar Munira ba, yatsunsa biyu suna kan wuyanta. "Susana, saura sau ɗaya. In ba ki samu ba zan yi, awo ya tafi."

Kubra ba ta san mene ne awon ba. Abin da ta gani shi ne matar ta duƙa tana neman jijiya a ƙafa. Sai ta durƙusa ta kama ƙafar 'yarta ta miƙe ta, ta riƙe gam. Susana ta shafa bayan ƙafar da yatsa, ta tsaya, ta soka a hankali. Jini baƙi ƙirin ya fara hawa kwalbar, ɗigo bayan ɗigo. Kafin ta gama toshe bakin kwalbar lokotoro ya riga ya tura allurarsa. Aka rataya ƙarin ruwa mai gishiri da sukari.

Ba wanda ya zauna. Ana kiran la'asar Munira ta motsa leɓe. Can ta buɗe ido, ta dubi rufin ɗakin, ta ce tana jin ƙishi. Umara ya fita waje ya tsuguna a gindin bango, ya rufe fuska da hularsa.

Washegari lokotoro Ishaya ya zaunar da su. Ya ce a kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, ba ta kai ɗan yatsa ba. Hulunan nan biyu suna fitar da wani ruwa mai suna kortizol, shi ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukari, musamman in jiki ya shiga wuya, kamar zazzaɓi ko rauni. Zatonsa na Munira sun daina aiki. Ƙwayar tasha kuwa dangin ruwan nan ce, shi ya sa ta tashe ta, shi ya sa kuma yanke ta farat ɗaya ya kusa kai ta kabari.

Kubra da Umara ba wanda ya dubi wani.

"Ba na neman mai laifi," ya ce. "Abin da nake so in sani, hulunan nan sun mutu ne, ko ƙwayar ce ta sa su barci. A nan ba mu da na'urar da ke auna wannan. Jinin zai tafi Yamai."

Susana ta tace jinin, ta daskarar da shi, ta sa a kula cike da ƙanƙara, aka ba motar safe. Kubra ta bi ta har tasha ba tare da an ce ta zo ba. Ta tsaya ta ga inda yaran mota suka cusa kular, ta roƙi direban kada a ɗora mata kaya a kai. Hanyar Yamai ta bi ta Damagaram, tafiya ce ta wuni da kwana, in mota ba ta lalace ba. Susana ta gaya mata in ƙanƙarar ta narke jinin ya tashi a banza. Kwanakin da suka biyo baya Kubra tana zaune a bakin gadon 'yarta, hankalinta yana kan kwalta.

Amsar ta zo ta waya. Lokotoro ya ce kortizol ɗin kusan babu, alhali mutumin da ke cikin halin da Munira ta zo a ciki kamata ya yi a tarar da shi ya cika jini. Aka sallame su da ƙwayoyin da za ta riƙa sha, mai yawa da safe, kaɗan da rana, kaɗan da yamma, da wata ƙarama ta riƙe gishiri. Ya ce bayan wasu watanni, in tasirin ƙwayar tasha ya gama fita, za a sake gwaji, wanda zai raba gardama.

Munira ta murmure. Ta koma lakwal, kumburin fuskar ya sace, ta daina neman manda. Gida ya yi daɗi har Kubra ta fara fatan an manta da gwajin. Sai ga saƙo cewa allurar gwajin da ake jira daga Yamai ta iso.

Lokotoro ya faɗi sharaɗin. Dole yarinyar ta bar shan maganin yamma da na safe kafin a ɗebi jinin, don in yana jikinta shi na'urar za ta gani. Kuma dole da sassafe, don lokacin ne hulunan ke fitar da mafi yawa in suna da rai. Za a ɗiba, a yi mata allurar da ke tsokanar hulunan, a jira, a sake ɗiba, a ga ko sun amsa.

Umara ya ce atafau bai yarda ba. "Mun ga abin da yankewa ta yi. Da hannuna na yanke, na gani. Ba za a sake ba."

"In barci suke yi," in ji lokotoro, "za mu janye maganin a hankali ta rabu da shi. In sun mutu, ku sani, kowa ya sani, kada wata rana wani ya ga ta warke ya ce a daina. A nan za ta kwana, allurar gaggawa tana kusa."

Suka koma gida. Sai da Munira ta fita ɗebo ruwa Kubra ta ce, "Malam, ni na ba ta abu ban san mene ne ba. Kai ka zubar ba ka san mene ne ba. Ba na son mu ƙara yi mata komai a makance."

Umara ya ce, "In wani abu ya same ta fa?"

"Ina wurin."

Ranar da aka sa, da yamma, lokacin shan magani ya yi. Munira ta miƙo hannu kamar yadda ta saba, Kubra ta ce yau babu. Ta ƙulle ƙwayar a bakin zanenta, tana jin ta a cinya kamar garwashi. Da gari ya waye yarinyar ta ce kanta yana juyawa. Susana ta zo da wuri, ta sa mata 'yar roba a jijiya don kada a yi ta suka, ta ɗebi na farko. Lokotoro ya yi allurar. Fuskar Munira ta ɗau zafi, ta ce zuciyarta tana tashi.

"Allurar ce, zai wuce," ya ce, amma ya jawo kujera ya zauna, ya ɗaura mata abin awo.

Jiran nan bai fi a dafa shayi a sha ba, amma Kubra ta ce ba ta taɓa zama mai tsawonsa ba. Gumi ya tsattsafo a goshin Munira. Ta lumshe ido. Kubra ta kira sunanta, ta amsa a hankali. Aka ɗebi na biyu. Umara ya shigo, ya fita, ya sake shigowa. Kubra ta kwance bakin zane ta riƙe ƙwayar a tafi, ta dubi lokotoro, ya girgiza kai. Ta sake kiran sunan, wannan karon sai da ta kira sau biyu.

"Lokotoro."

"Na gani. Saura kaɗan. Bugun yana nan."

Da Susana ta zare kwalba ta ƙarshe, kafin kowa ya yi magana Kubra ta riga ta ɗaga kan 'yarta ta sa mata ƙwayar a baki, ta kafa mata moɗa. Zuwa hantsi Munira tana zaune tana shan kunu tana ƙorafin ba sukari.

Wannan jinin ma ya isa lafiya. Amsar ba ita suka yi fata ba. Hulunan ba su motsa ba ko kaɗan, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika musu don su yi aiki kuwa ya yi yawa a jinin, kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa. Lokotoro ya ce yawan saƙon nan ne ya baƙanta fatarta. An ɗauki hoton ƙirjinta an duba majina, don tarin fuka yakan cinye hulunan, ba a sami komai ba. Ya faɗa musu gaskiya bai san abin da ya kashe su ba. Maganin dai na har abada ne.

Kubra ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta tambaye shi abin da za ta yi in zazzaɓi ya zo, ya ce ta ninka maganin. In amai ya hana shi zama fa? Ya ce sai allura a cinya nan take, kafin a nemi mota. Ta ce to a koya mata. Susana ta kawo lemo da sirinji, matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta yi ta sukar lemon nan har hannunta ya saba. Ta yi wa 'yarta allurar sau ɗaya tun daga lokacin, a damina, ranar da gudawa ta kama ta, suka kuma isa gidan likita Munira tana magana.

Sauran wahalar ta yau da gobe ce. Ƙwayar takan yanke a kantunan garin, sai Umara ya bi direbobin Damagaram da roƙo. Da azumi ya zo Munira ta yi kuka don an hana ta ɗauka, sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya ce mata Allah ya ɗauke wa mara lafiya. Ya Fanna ce yanzu ke leƙowa ta katanga da rana, in Kubra tana kasuwa, ta tambaya ko an sha na azahar.

Bana Munira ta shiga shekara goma sha biyar, ta fi uwarta tsawo. Tana son in ta gama lakwal a nan ta tafi Damagaram ta yi karatun aikin jinya, ta zauna wurin wata ƙanwar ubanta. Umara ya ce in lokotoro ya yarda shi ma ya yarda. Lokotoro ya ce ba abin da zai hana, in dai za ta riƙe maganinta ta kuma gaya wa mutanen gidan abin da za su yi. Saura Kubra. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai ta ce akwai sauran lokaci, ta ci gaba da tsintar tattasanta. Amma makon jiya ta sayo lemo, ta zaunar da Munira a rumfa, ta miƙa mata sirinjin ta ce ta soka ta gani.